Me ya sa ba a ambaton takardunmu na binciken maganin ciwon daji?

Ƙaramin Malami, Gwale

Assalamu alaikum malamai da manyanmu. Ina koyarwa a fannin kimiyyar haɗa magunguna a nan Kano, ina kuma kan digiri na uku. Rukuninmu yana aiki a kan sinadaran da ake sa ran za su yaƙi ciwon daji, wasu daga ganyen sabara da sassaƙen ararrabi, wasu kuma haɗa su muke yi a ɗakin gwaji. Takardu sun fita da dama, amma masu ambatonsu a nasu rubutun ba su taka kara sun karya ba. Kuma adadin da Google Scholar ke nunawa daban, na Scopus daban.

Abin da nake so a warware mini: yaya ake lissafin waɗannan alkaluma, kuma wanne ya kamata in riƙe? Sannan a wannan fanni namu, mene ne ke sa masu bincike su ɗauki takarda su gina a kanta? Yawan bugawa ne, ko sunan mujalla? Allah ya saka da alheri.

Malamar Laburare

Wa alaikumus salam Malam. Bari in ɗauki ɓangaren lissafin, na ɗakin gwaji a bar wa masu shi.

Bambancin da ka gani ba matsala ba ce. Google Scholar yana ƙirga duk abin da ya tsinta a intanet: kundin digiri, takardun taro, rubutun da ba a tantance ba, wani lokaci ma abu ɗaya sau biyu. Scopus na kamfanin Elsevier da Web of Science na Clarivate ba sa ƙirga ambato sai wanda ya fito daga mujallun da ke cikin rajistarsu. Don haka na Google kusan kullum ya fi yawa, kuma masu ba da tallafi na waje sun fi duba na biyun nan.

Ma'aunin h, wanda Jorge Hirsch ya fito da shi a 2005, ga yadda yake: jera takardunka daga wadda aka fi ambata zuwa ƙasa. Idan 6 daga ciki kowace an ambace ta aƙalla sau 6, amma ta bakwai ba ta kai 7 ba, to h ɗinka 6 ne, ko da takardun naka sun kai 40. Ka ga ke nan ƙara takardar da ba wanda zai ambata ba ta motsa shi ko kaɗan. Ba ya raguwa, yana tafiya da shekarun aiki, shi ya sa zalunci ne a gwada na ƙaramin malami da na farfesa.

Impact Factor kuwa na mujalla ne, ba na mutum ba. Ana ɗaukar ambaton da takardun mujallar na shekaru biyu da suka wuce suka samu a bana, a raba da yawan takardun. CiteScore na Scopus shekaru huɗu yake ɗauka. Inda mutane ke ruɗuwa shi ne, matsakaici ne: 'yan takardu ƙalilan ne ke kwashe mafi yawan ambaton, musamman maƙalun bita, sauran na biye a ƙasa. Shi ya sa sanarwar DORA ta 2012 kan yadda ake auna bincike ta ce kada a auna mai bincike da wannan adadi. Idan kana son ka san matsayin takardarka a tsakanin sa'o'inta, duba ma'aunin FWCI a shafinta na Scopus. Yana gwada ta da takardun fanninta, irinta, na shekararta. 1.0 shi ne matsakaicin duniya, 0.5 rabi ke nan. Wannan ya fi adalci, domin fannin ciwon daji fanni ne mai yawan ambato ƙwarai, sau 10 a can ba daidai yake da sau 10 a lissafi ba.

Abu biyu da ke cin mutanenmu. Na farko suna. Yau ka rubuta Muhammad, gobe Mohammed, wata takardar sunan unguwa ne a ƙarshe, wata sunan mahaifi. Scopus sai ya raba ka gida uku, kowane da guntun ambatonsa. Buɗe ORCID, lambar shaida ta mai bincike, tsayar da rubutun suna ɗaya da sunan jami'a ɗaya, sannan ka nemi Scopus ya haɗe bayananka, kyauta ne. Na biyu mujalla. Kafin ka biya ko sisi, nemi lambar shaidarta ta ISSN a jerin Scopus kansa, ka duba har da jerin waɗanda aka dakatar, ka tabbata adireshin shafin shi ne na ainihi, domin akwai masu kwaikwayon shafin mujalla ta gaskiya su riƙa karɓar kuɗi. Girman kamfani ma ba kariya ba ne: a 2023 kamfanin buga mujallu na Hindawi ya janye takardu sama da 8,000, kuma Web of Science ta cire wasu mujallunsa. Takardar da ta faɗa irin wannan wuri, ko an ambace ta ba za ta shiga lissafi ba.

Mai Haɗa Sinadari, Kabuga

Malama ta gama da lissafi. Ni ƙanena ga abin da zan ce: mutum ba ya ambaton takarda sai ya ɗauki wani abu daga cikinta. A fanninmu abin ɗauka shi ne tsarin sinadari da aka tabbatar, haɗe da adadin da za a iya yarda da shi. Yawancin takardunmu na nan gida ba su da ko ɗaya daga cikin biyun, kuma wannan ne tushen matsalar, ba wariya ba.

Ɗauki takardar da aka saba: an jiƙa ganye a metanol, an sami ɗanyen tsimi, an yi gwajin DPPH, an kashe 'yan jatan ruwan gishiri, an kai injin GC-MS mai gano sinadarai, sai taken ya ce tsiron yana maganin sankara. Wanda ke haɗa magani a Indiya ko Jamus me zai ɗauka a nan? Tsimi ba abu ɗaya ba ne, na ganyen damina ba na ganyen rani ba ne. DPPH launi ne ke canzawa a kwalba, ba ruwansa da ƙwayar daji. Gwajin jatan, wanda Meyer da abokansa suka yaɗa a 1982, alamar guba ce kawai. GC-MS kuma kamanni yake bayarwa daga rumbunsa, kuma abin da ke iya zama tururi kaɗai yake gani. Abin da ya fi ɓata takarda: sinadaran fitalet da ake lissafawa a matsayin na tsiro. Daga roba suke fitowa, daga jarkar da aka zuba metanol ko murfin kwalba ko tiyo. Mai tantancewa da ya san aiki, da ya ga fitalet a teburinka ya daina yarda da sauran. A yi aiki da gilashi, a kuma tura ruwan narkarwar shi kaɗai cikin injin don a ga abin da ya zo da shi.

Sai tanin. Marke, bagaruwa, kalgo, sabara, duk suna da shi. Abin da bagaruwa ke yi wa fata a majema, shi tanin ke yi wa furotin a gwajinka: ya kama duk wanda ya samu ya danƙare shi. Sai ka ga tsimi ya hana kowane enzayim aiki, ka ɗauka ka tsinci dami a kala. Ratsa tsimin ta poliyamid ko PVPP don cire tanin, ka sake gwadawa. Idan ƙarfin ya ɓace, ka san inda ya fito. A sinadaran haɗawa ma akwai irinsu. Baell da Holloway sun lissafa su a 2010 da sunan PAINS: rodanin, katekol, kwinon da makamantansu, masu nuna aiki a kowane gwaji ba tare da sun kama wani wuri takamaimai ba. Kurkumin na kurkum shi ne babban misali. An rubuta dubban takardu a kansa, ana ta ambaton juna, amma bitar da Nelson da abokansa suka buga a Journal of Medicinal Chemistry a 2017 ta nuna ba ya jimawa bai lalace ba, jiki ba ya tsotsarsa, kuma yana ruɗa gwaje-gwaje. To ka ga ambato ya yi yawa, magani bai fito ba.

Takardar da ke rayuwa ita ce mai jerin sinadarai. Ka ɗauki ginshiƙin sinadari ɗaya, ka haɗa 'yan'uwa 20 zuwa 30 kana canza wuri ɗaya a lokaci ɗaya: nan metil, nan kulorin, nan metoksi, a matsayi daban-daban na zoben. Kowane ka ba shi NMR na haidurojin da na kabon don tabbatar da tsarinsa, awon nauyi na HRMS da kuskurensa bai wuce 5 ppm ba, da tsabta aƙalla kashi 95 cikin 100 ta HPLC, wanda shi ne sharaɗin Journal of Medicinal Chemistry. Ka ba da IC50, wato yawan sinadarin da ke rage aiki ko rayuwar ƙwayoyin daji da rabi, a maikromola, ba maikrogiram a mililita ba, don a iya gwada masu nauyi daban. Kada ka ɓoye waɗanda ba su yi aiki ba, su ne ke nuna inda ƙarfin yake. Ka sa SMILES, wato tsarin sinadari a rubutun da kwamfuta ke karantawa, na kowane a ƙarin bayani. Rumbun ChEMBL yana kwashe irin waɗannan alkaluma daga manyan mujallun fannin, daga nan masu aikin kwamfuta a duniya ke ɗiba, shekara goma ana komawa kan teburinka.

Game da ɗora sinadari a kan furotin a kwamfuta, wanda ya zama ruwan dare a sassanmu saboda ba ya cin kuɗi: kayan aiki ne mai kyau, amma hasashe ne. Masu manhajar AutoDock Vina da kansu sun ce kuskurensa ya kai kimanin 2.85 kcal/mol, alhali 1.4 kacal ya isa ya zama bambancin ninki goma a ƙarfin kamawa. Don haka cewa naka ya sami −8.2, maganin sankarar nono tamoksifen ya sami −7.9, saboda haka naka ya fi shi, magana ce da ba ta da ƙafa. Mafi ƙarancin abin yi: cire sinadarin da ya zo a cikin hoton furotin, misali 3ERT na mai karɓar estirojin ko 1M17 na EGFR, ka sake ɗora shi, ka nuna ya koma mazauninsa da kaucewa (RMSD) ƙasa da 2 Å. Sannan ka gwada ko tsarin naka yana iya bambanta sanannun masu aiki da na bogi. In ba haka ba, lambobi ne kawai.

Dakta Mai Renon Ƙwayoyi

Ina tare da Malam a duk abin da ya faɗa. Zan ƙara a kan IC50 ɗin kansa, don nan ne ake yawan zamewa.

A faranti mai gurbi 96, zuba ƙwayoyin halitta na daji 5,000 zuwa 10,000 a kowane gurbi gwargwadon saurin yaɗuwarsu, a bar su awa 24 su kama ƙasa, sannan a sa sinadari na awa 48 ko 72. Gurabun gefe a cika su da ruwan reno kawai, saboda su ke fara bushewa, sai abin da ke ciki ya yi kauri ya kashe ƙwayoyi ba tare da laifin sinadarinka ba. A yi matakai 8 ko fiye na tsarma, su ratsa daga inda babu illa har inda kisa ya cika. Idan mafi ƙarfin matakinka bai kashe rabi ba, rubuta cewa IC50 ya haura wannan mataki, kada ka bar manhaja ta ƙirƙiro maka adadi. DMSO, ruwan narkar da sinadarin, kada ya wuce kashi 0.5 cikin 100, kuma ya zama daidai a kowane gurbi har da na kwatance. A sa sanannen magani kamar doksorubisin ko sisfilatin a kowane faranti. Gurbi uku a faranti ɗaya ba maimaici uku ba ne; maimaici shi ne a sake gwajin gaba ɗaya a ranaku uku daban.

MTT, hanyar Mosmann ta 1983 ta auna rayuwar ƙwayoyi, ba ƙwayoyi take ƙirgawa ba. Tana auna yadda suke juya rinin rawaya ya koma shuɗi mai duhu, a karanta a 570 nm. Tsimin tsiro mai yawan folifenol yana iya juya rinin da kansa ko babu ƙwaya ɗaya a gurbin, sai matattu su fito kamar masu rai. Mai launi kuma yana ƙara wa karatun. Saboda haka a ware gurabu masu sinadari da rini ba ƙwayoyi, a kuma wanke sinadarin kafin a zuba MTT. Ga kayan tsiro na fi yarda da SRB, wadda furotin take aunawa: a daskarar da ƙwayoyin da asid ɗin TCA mai sanyi kashi 10, a rina, a wanke da asid na asetik kashi 1, a narkar da Tris, a karanta kusa da 510 nm. Tana da wata fa'ida a gare mu: farantin da aka daskarar ya bushe yana iya jira, ba dole a karanta shi a ranar ba idan wuta ta ɗauke.

Ma'aunin da aka saba jinginawa ga cibiyar binciken ciwon daji ta Amurka, NCI, shi ne ɗanyen tsimi ya kai 20 µg/mL ko ƙasa, tsantsar sinadari 4 µg/mL ko ƙasa. Tsimin da sai a 500 yake kisa ba ya aiki, a faɗi hakan kai tsaye. Kuma dole a gwada a kan ƙwayoyin da ba na daji ba, kamar MCF-10A ga nono, a raba IC50 ɗinsu da na masu daji. Abin da ke kashe duka biyun daidai guba ne.

Sai asalin ƙwayoyin. Kwalbar da ta bi hannu huɗu kafin ta zo gare ka, ba ka da tabbacin abin da ke ciki. Zuriyar ƙwayoyin KB da HEp-2 an daɗe da gano HeLa, wata zuriya ta sankarar bakin mahaifa, ce ta mamaye su. MDA-MB-435 an yi shekaru ana buga ta a matsayin ta nono, ashe ta sankarar fata ce. Duba sunan a rumbun zuriyar ƙwayoyi na Cellosaurus da rajistar ICLAC ta waɗanda aka ruɗa, a yi gwajin STR mai tabbatar da asali ta DNA, a duba ƙwayar cutar maikofilasma a kai a kai. Mujallu da yawa na ciwon daji yanzu suna neman wannan shaidar. Inkubeta kuma tana son 37°C da iskar CO2 kashi 5 dare da rana. In babu batir ko sola a bayanta, sakamakon wannan mako ba zai yi kama da na mako mai zuwa ba.

Ƙaramin Malami, Gwale

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Sai dai ranku ya daɗe, HRMS da STR da ƙwayoyi masu shaida duk kuɗi ne, ga kwamitin ƙarin girma yana ƙirga yawan takardu. Wanda ya tsaya yin guda ɗaya mai kyau, sa'o'insa za su wuce shi. Ina mafita?

Dattijon Sashe

Ɗana, maganarka gaskiya ce, kuma ba zan ce maka ka yi watsi da ƙa'idar ƙarin girma ba. Cika adadin da aka nema da aikin da ba ƙarya a cikinsa, ko ƙarami ne, a mujallu na gaskiya, na AJOL, dandalin mujallun Afirka a intanet, ma akwai masu mutunci. Amma ka ware aiki ɗaya da za ka bi har ƙarshe, kada ka yayyanka shi gida biyar. Abin da nake roƙonka ka guje wa shi ne cinikin ambato, ka ambace ni in ambace ka, ko cusa takardunka goma a inda ba su da alaƙa. Scopus yana nuna adadi ba tare da ambaton kai ba da dannawa ɗaya, kuma masu tantance tallafi sun san wurin.

Ina ɗan saɓa wa masu magana a sama a wuri ɗaya: kada ambaton ya zama shi ne alƙibla. A 2012 Begley da Ellis suka bayyana a Nature cewa masu binciken kamfanin magunguna na Amgen sun sake gwada manyan takardu 53 na ciwon daji, 6 kaɗai suka tabbata. Waɗannan takardu ne na manyan mujallu, masu ɗimbin ambato. Lissafin Wong, Siah da Lo na 2019 kuma ya nuna kusan kashi 3.4 cikin 100 ne na magungunan daji da suka shiga gwajin mutane ke kaiwa ga amincewa. Aikin dogo ne. An ɗebo ɓawon itacen da ya ba da maganin daji taksol a 1962, Wall da Wani suka buga tsarinsa a 1971, amincewa ta zo a 1992. Maitansin, da Kupchan ya ware daga wani tsiron Habasha a 1972, ya faɗi a gwajin mutane saboda guba, sai da aka ɗaure jikansa a jikin maganin tirastuzumab ya zama maganin sankarar nono a 2013. Abin da ya raya su duk tsawon lokacin shi ne tsarin da aka buga daidai ne, kowa ya sake ya samu.

Kan kuɗi: tallafin bincike na IBR daga TETFund ya isa sayen kayan haɗawa da biyan gwajin tsari a waje idan aka tsara kasafin da wannan niyya, tallafinta na NRF kuma ya fi girma amma yana son rukuni mai fannoni daban-daban. Sashen gwajin magunguna na NCI, wato DTP, yana karɓar tsantsar sinadari mai sabon tsari ya gwada a kan zuriyar ƙwayoyi kusan 60 ba tare da caji ba. Ana tura tsarin ta shafinsu, in sun zaɓa sai a aika miligiram kaɗan. Wannan sakamako babu mai tantancewar da zai raina shi. Idan za ka haɗa gwiwa da ɗakin gwaji na waje, a rubuta yarjejeniya kafin samfur ya bar Kano: wa ke da sinadarin, jerin sunaye a takarda, da rabon amfani bisa yarjejeniyar Nagoya ta 2010. Tsiro kuma a ajiye samfurinsa a ma'adanar tsirrai ta Jami'ar Bayero ko ta Ahmadu Bello a karɓi lamba. Sassaƙen da aka saya a Kasuwar Kurmi ba ganye ba fure, ba mai iya rantsuwa a kan sunansa na kimiyya, gara ka bi mai maganin zuwa inda yake sara. In kuwa sinadarin ya nuna ƙarfi na gaske, je ofishin mallakar fasaha na jami'arka kafin ka buga ko ka yi jawabi a taro, domin abin da aka riga aka bayyana ya rasa sabuntarsa a yawancin ƙasashe.

Sannan zaɓi tambayar da ta shafe mu. Ƙiyasin GLOBOCAN, rumbun alkaluman ciwon daji na duniya, na 2022 ya ba Nijeriya sababbin masu ciwon daji kusan 128,000 da mutuwa kusan 80,000, na nono a gaba, sai na mafitsara ta maza (prostate) da na bakin mahaifa. Bincike da dama ya nuna nau'in sankarar nono da ba ta jin maganin homon ta fi yawa a matan Afirka ta Yamma, amma kowa zuriyar ƙwayoyin MCF-7 yake gwadawa, wadda ke da mai karɓar estirojin. Ƙara MDA-MB-231 da MDA-MB-468, ta biyun daga mace baƙar fata aka samo ta. A hanta, inda cutar hanta nau'in B da gubar afalatoksin ta gyaɗa da masara ke ingiza ciwon a yankinmu, Hep3B da PLC/PRF/5 suna ɗauke da gadon ƙwayar cutar a jikinsu, HepG2 ba ta da shi. Ka kuma zauna da likitocin daji da masu duba tsoka na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano tun kana tsara aikin, su gaya maka nau'in da suka fi gani da maganin da ke daina yi wa marasa lafiya aiki, sai ka zaɓi ƙwayoyin gwajinka da maganin kwatance a kan haka.